Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga likitoci da kwamishinonin lafiya na Arewa: mai cutar Parkinson ba hannunsa kaɗai ke ciwo ba

Zuwa ga manyanmu likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, da likitocin manyan asibitocin jihohi, da 'yan uwana ma'aikatan jinya da masu ba da magani, da masu girma kwamishinonin lafiya na jihohin Arewa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma mahaifina yana fama da cutar Parkinson, wadda mutanenmu ke kira ciwon karkarwa. Roƙona gare ku shi ne ku riƙa bin ƙa'idojin da aka shimfiɗa na kula da sauran wahalhalun wannan cuta, waɗanda ba rawar hannu ba ne, ba kuma nauyin tafiya ba. Ƙa'idojin suna nan a rubuce, da yawanku kun fi ni sanin su. Damuwata ita ce ba sa kaiwa ga dattijon da ke zaune kan benci riƙe da kati, balle matarsa da ke kwana ido biyu saboda shi.

Yawancinmu ta kan Muhammad Ali muka san cutar, musamman ranar da ya kunna wutar wasannin Olamfik a Atlanta a 1996, hannunsa na rawa duniya na kallo. Tun daga nan aka ɗauka ita ke nan cutar: rawar hannu. Alhali likitan da aka sa wa cutar sunansa, James Parkinson, da ya yi bayaninta a Landan a 1817 bisa mutum shida da ya lura da su, ya ambaci taurin bayan gida, da dalalar miyau, da lalacewar barci. An san da waɗannan fiye da shekara 200. Yau kuma an tabbatar cewa wasunsu, kamar daina jin ƙamshi, da taurin bayan gida, da ihu da naushi a cikin barci, sukan riga rawar hannun zuwa da shekaru masu yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum fiye da miliyan 8.5 ke da cutar, kuma yawan masu ita ya ninka a cikin shekara 25. Mu ma tsofaffinmu ƙaruwa suke yi, saboda haka aikin yana tafe, ko mun shirya ko ba mu shirya ba.

Ga yadda ganin likita yakan kasance, kuma na tsaya a ɗakin a matsayin ma'aikaciya, na tsaya a matsayin 'ya. A ce Baba ya miƙa hannu, ya taɓa hanci, ya yi tafiya zuwa ƙofa ya dawo. A tambayi yadda karkarwar take. A sake rubuta levodopa, babban maganin cutar, ko Artane in aljihu bai kai ba, a ba da ranar dawowa. Ba wanda ya tambayi yadda dare yake wucewa, ko yaushe rabonsa da bayan gida, ko yana ganin jiri in ya miƙe. Shi kuma ba zai faɗa ba. Dattijon Bahaushe ba zai dubi likitan da ya yi jika da shi ya ce fitsari na kufce masa ba, ko ya ce ya daina kusantar iyalinsa, ko yana ganin yara zaune a bakin gadonsa da tsakar dare. Kunya ta hana, sannan bai ma san waɗannan suna da alaƙa da ciwon da ya kawo shi ba. A ƙasashen Turai da Amurka ma bincike ya nuna majinyata na ɓoye da yawa daga cikin waɗannan alamomi, likitoci kuma na tsallake su. Shi ya sa a 2006 aka fitar da wata takardar tambayoyi 30, amsarsu i ko a'a kawai, domin majinyaci ya cike kafin ya shiga wurin likita. A sa ta cikin Hausa mai sauƙi, nas ta karanta wa majinyaci a keɓe yayin da yake jiran layi, a liƙa a foldarsa. Sannan a kira wadda ke kwana ɗaki ɗaya da shi ita ma a tambaye ta, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne cutarwar da muke yi da hannunmu. Cutar Parkinson ƙarancin sinadarin dopamine ce a ƙwaƙwalwa. Akwai magunguna da aikinsu shi ne toshe hanyar wannan sinadarin, kuma su ne a gaba-gaba a kowane ɗakin agajin gaggawa da kowane kyamis: metoclopramide da Stemetil na amai da jiri, haloperidol da Largactil na kwantar da wanda ya ruɗe, har da Phenergan da ake bayarwa ba tare da wani dogon tunani ba. Mahaifina ya taɓa yin amai da dare, aka kai shi wani ƙaramin asibiti, aka yi masa allurar tsayar da amai. Washegari ya sandare, juyi a kan gado ya gagare shi, ruwa ma da kyar yake haɗiyewa. Wanda ya yi allurar ba mugu ba ne, abin da ya saba yi wa kowa ya yi, kuma babu wata alama a katin Baba da za ta tsayar da shi. Mai wannan cuta in yana amai, domperidone ake duba masa, shi ma bayan an lura da lafiyar zuciyarsa. Wannan darasi ne na minti biyar, amma sai an kai shi har ga ma'aikacin lafiya na karkara da mai kyamis, domin su ne ke fara ganin majinyacin kafin ku.

Daga nan sai gane-gane. Majinyaci ya ce ga baƙi a tsakar gida, ko ga maciji a kan tabarma, ko ya ji kamar wani na tsaye a bayansa. A gidajenmu fassarar farko aljanu ne ko sammu, sai a nufi wurin ruƙya, wasu a kai su inda za a ɗaure su. Ba na raina addu'a, mu ma muna yi wa Baba kullum. Amma in iyali sun iso asibiti, haƙƙinsu ne a gaya musu cewa wannan sananniyar alama ce ta cutar, kuma sau da yawa maganin da yake sha ne ke tayar da ita. Ƙa'idar da NICE, hukumar tsara ƙa'idojin kula da marasa lafiya ta Ingila, ta fitar a 2017 ta tsara abin daki-daki. A fara binciken ko wani ciwon ne ya ruɗa shi, kamar ciwon mafitsara ko na huhu, mu kuma a nan sai mu ƙara da zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin ruwa a jiki. Sannan a duba magungunansa a rage waɗanda ke haddasa abin, a hankali, da shawarar ƙwararre. In gane-ganen ba ya tsorata shi ba ya damun iyalinsa, a bar shi haka. In dole sai an ba da magani, quetiapine kaɗan ga wanda tunaninsa bai taɓu ba, in bai yi ba clozapine, wanda ke buƙatar gwajin jini a kai a kai. Olanzapine kuwa cewa aka yi kada a ba shi. Abin da nake yawan gani shi ne a tsallake duk matakan farko a faɗa kan allurar haloperidol, domin ita ce a kusa. Majinyaci ya yi shiru, kowa ya samu barci, shi kuma ya tashi ba ya iya taka ƙafarsa.

Artane na buƙatar magana ta musamman, wanda likitoci ke rubutawa da sunan benzhexol, matasa kuma suka mai da shi kayan maye. Yana da araha, yana rage karkarwa, ana samunsa ko'ina, shi ya sa ya zama maganin talaka. Amma a jikin tsoho yana ƙara taurin bayan gida, yana riƙe fitsari musamman ga mai kumburin mafitsarar maza, yana busar da baki, yana kawo mantuwa da ruɗewa da gane-gane. Wato kusan duk abin da wannan wasiƙa ke kuka a kai, Artane na iya tsananta shi. Hannu ya lafa, iyali su yi godiya, bayan wata biyu su dawo su ce gigin tsufa ya kama Baba. Kafin a yarda gigin tsufa ne, don Allah a buɗe ledar magungunansa a duba.

Sai jiri. Cutar tana lalata jijiyoyin da ke daidaita bugun jini idan mutum ya miƙe tsaye, levodopa ma na iya ƙarawa. Gwajin ba ya cin ko sisi: a auna jini yana kwance, ya miƙe, a sake aunawa cikin minti uku. In lambar sama ta sauka da 20, ko ta ƙasa da 10, an samu amsa. Mu kuwa a zaune muke aunawa sau ɗaya mu rubuta. Akwai tarko a nan, domin irin waɗannan majinyata jininsu kan hau idan suna kwance, sai likita ya ga lamba babba ya ƙara maganin hawan jini, dattijo ya koma gida ya faɗi a banɗaki ƙugu ya karye. Kun san inda karayar ƙugu ke kai ɗan shekara saba'in. Ku tuna da rayuwar mutanenmu: mutum ne da ke ɗagowa daga sujada ya miƙe tsaye sau da dama a yini, yake tsugunawa a bayi, yake zama a tabarma, a garuruwa irin Sakkwato da Maiduguri inda zafin Afrilu ke wuce digiri 40. Ƙa'ida ta ce a fara da sake duba magungunan da yake sha, musamman na hawan jini da na sa fitsari, kafin a je ga midodrine ko fludrocortisone, magungunan da ke hana jinin sauka. Kafin su ma akwai shan ruwa isasshe, da ɗaga gado ta wajen kai, da zama a bakin gado na ɗan lokaci kafin a miƙe. Kalma ɗaya daga bakin likita, cewa ya halatta ya yi sallarsa a zaune saboda larura kuma ya tambayi malaminsa ya ji, ta fi roƙon 'ya'yansa goma tasiri a wurin dattijo.

Taurin bayan gida ana ɗaukarsa ƙaramin abu, alhali idan ciki ya cushe levodopa ba ya shiga jiki yadda ya kamata, sai a zaci maganin ne ya daina aiki a ƙara yawansa. Ruwa, zogale, kuɓewa, alayyahu, gwanda, ɗan tattaki, in bai wadatar ba macrogol, maganin sassauta ciki. A kuma gaya wa iyali cewa nama da wake da nono suna gasa da levodopa wajen shiga jini, don haka a ba da tazara tsakanin ƙwayar da abinci mai nauyi. Mutum nawa ne ke kora maganinsu da fura da nono ba wanda ya taɓa gaya musu?

Dare shi ne rabon matan gida. Akwai majinyatan da jikinsu ba ya sakewa lokacin mafarki, sai su yi ta ihu da naushi da harbi da ƙafa, wani ya faɗo daga gado, wani ya ji wa matarsa rauni bai sani ba. Na ga uwargidan da ta ɓoye kumburin fuskarta don kada 'ya'ya su ce mahaifinsu ya fara dukan uwarsu da tsufa. Wannan yana da magani, melatonin ko clonazepam kaɗan, tare da sauke katifa ƙasa da kawar da abin da zai ji masa ciwo. Akwai kuma barcin rana mai fizgar mutum ba shiri, kuma ƙa'ida ta ce a gaya wa mai shi ya daina tuƙi. A ƙasar da direban haya ke ɗauko mutum goma sha daga Kano zuwa Kaduna, wannan gargaɗi ya wuce maganar majinyaci shi kaɗai.

Ciwon damuwa yana kama kusan kashi ɗaya cikin uku na masu cutar, ko fiye. Mutum ya daina zuwa majalisa, ya daina sauraron rediyo, ya zauna shiru. 'Yan uwa su ce ya yi haƙuri, wasu har su ce tawakkalinsa ne ya yi rauni, sai a haɗa masa ciwo da zargi. Canji ne a sinadaran ƙwaƙwalwa, kamar yadda karkarwar take, kuma bitar da ƙungiyar masana wannan cuta ta duniya ta fitar a 2019 ta nuna akwai magungunan da ke aiki, irin su venlafaxine da nortriptyline da pramipexole, da kuma zaman tattaunawa da ƙwararre. Muna da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri. Ina roƙon likitocin jijiyoyi da na taɓin hankali su riƙa magana da juna a kan majinyaci ɗaya, don kada wannan ya rubuta abin da zai rushe aikin wancan.

Akwai wata alama da ba a son faɗa, amma ƙa'ida ta wajabta a faɗe ta tun kafin a fara magani. Magunguna irin su pramipexole da ropinirole da bromocriptine na iya sa mutum ya kasa kame kansa: caca, ɓarnar kuɗi, ci ba ƙoshi, ko sha'awa da ta wuce misali. Mutumin kirki da ya tsufa da mutuncinsa sai a wayi gari ya cinye jarinsa a cacar waya, ko yana abin da ke kunyata 'ya'yansa, gari ya ɗauka halinsa ne ya fito. A gaya wa majinyaci da wani amintacce a gidansa tun ranar farko, a kuma riƙa tambaya duk zuwa. In abin ya bayyana a rage maganin a hankali, kada a yanke shi lokaci guda.

Mantuwa kuwa tana zuwa wa mafi yawansu in rai ya yi tsawo. Binciken da aka yi a Sidni ta Ostareliya ya bi majinyata shekara 20, ya tarar kashi 83 cikin ɗari na waɗanda suka rage sun kamu da ita. Rivastigmine da donepezil suna taimakawa. Dalalar miyau da ƙwarewa wajen cin abinci su ma a tambaya, domin abincin da ke bin hanyar iska shi ke kawo ciwon huhun da ke ɗauke da yawansu.

'Yan uwana nas-nas, wannan tamu ce. Mai Parkinson da aka kwantar a asibiti, maganinsa yana da sa'o'insa, ba sa'ar zagayen raba magani ba. Jinkirin awa ɗaya na iya sandarar da shi. Yanke levodopa kwatsam, ko don za a yi masa tiyata an ce kada ya ci komai, ko don ya ƙare a kantin asibiti, na iya jefa shi cikin zazzaɓi da sandarewa mai kisa. A bar 'yar jinyarsa ta riƙa ba shi a kan lokacinsa, mu kuma mu rubuta. Haka nan kafin azumi a zauna da shi a yi magana a fili, domin dattijanmu ba sa son ajiye azumi, kuma wasu za su haɗa maganin yini duka su shanye da sahur in ba a yi musu bayani ba.

Na san amsar da za ku ba ni, kuma akwai gaskiya a cikinta. An rubuta waɗannan ƙa'idoji ne a ƙasashen da kowane majinyaci ke da nas ta musamman da zai kira a waya. Mu likitocin jijiyoyinmu kaɗan ne, yawancinsu suna asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Jos, layi kuma ya kai bakin ƙofa. Midodrine ba a samunsa cikin sauƙi, gwajin jinin clozapine ya fi ƙarfin mutumin ƙauye. Amma ku sake duba abin da na lissafa. Tambaya, auna jini a tsaye, cire maganin da ke cutarwa, gargaɗin iyali, kiyaye lokacin ƙwaya. Mafi yawansu ba sa buƙatar kasafin kuɗi. Inda ƙa'idar waje ba ta dace da mu ba, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ta Najeriya ta rubuta mana tamu gajeriya, shafi ɗaya ko biyu, da magungunan da ake samu a nan, yadda likitan babban asibitin ƙaramar hukuma zai iya aiki da ita ba sai ya jira ƙwararre ba. Muna da masanan da za su iya. Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas da abokan aikinta na cikin waɗanda suka gano, a 2023, wani sauyi a ƙwayar halitta ta GBA1 da ke ƙara haɗarin cutar ga mutanen da asalinsu Afirka ne, kuma majinyatan Najeriya ne suka ba da jininsu aka yi wannan aiki. Ya kamata su ga amfanin ilimin a ɗakin likita.

Masu girma kwamishinoni, binciken da aka wallafa a 2019 kan samuwar magungunan cutar a Najeriya ya nuna levodopa ya fi samuwa a kantunan 'yan kasuwa fiye da na asibitocin gwamnati, kuma da tsada, alhali yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Muddin haka ne, likita zai ci gaba da rubuta Artane yana sane da illarsa. A 2022 ƙasashen duniya suka amince da shirin shekara goma na kula da farfaɗiya da sauran cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, zuwa 2031, a shekarar ce kuma aka sa hannu kan dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa. Ku sa levodopa da macrogol da quetiapine da donepezil cikin abin da hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohinku ke biya. Ku horar da nas ko da guda biyu a kowane babban asibiti su zama masu bibiyar waɗannan majinyata tsakanin ganin likita da ganin likita.

Sannan ku buga ɗan kati da majinyaci zai riƙa yawo da shi a aljihu, da Hausa da Turanci: sunan cutarsa, sa'o'in maganinsa, da sunayen alluran da ba za a yi masa ba. Ranar 11 ga Afrilu ce ranar cutar Parkinson ta duniya. Ina roƙon kafin ta zagayo katin ya kasance a hannun majinyata, takardar tambayoyin kuma tana cikin folda.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka muku da alheri a kan ɗawainiyar da kuke yi.

Wassalam.

Taku,
Ma'aikaciyar jinya, mai jinyar mahaifinta.